Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora shafi na biyu a bayan Nginx

Samarin nan namu na Samaru da Kongo masu haɗa wa mutane shafin intanet, yawanci saba ɗaya (kwamfutar da ake ɗora shafi a kai) suke haya saboda dala ta yi tsada, to da an samu kwastoma na biyu, a ce mai shagon atamfa a Sabon Gari, sai a cusa shi nan ɗin, manhajar Nginx a gaba tana karɓar masu ziyara, tana miƙa su ga manhajar Apache a baya. Dabarar ba laifi, wajen saiti ake kwafsawa.

Na farko rigimar fot, wato lambar ƙofar da manhaja ke sauraro a saba. Nginx da Apache duk 80 suke so, wanda ya zo daga baya sai ya ƙi tashi. Ka shiga ports.conf ka mai da Apache 8080, ka gyara VirtualHost ɗinsa ma, shikenan.

Wanda ya fi wahalar da mutane kuwa shi ne ka buga adireshin sabon shafi sai tsohon ya fito, mutum ya yi ta zagin network alhali ba ruwansa. Nginx server_name yake dubawa, in bai ga sunan da ya dace ba sai ya miƙa ka ga default_server ko saitin da ya fara karantawa, don haka duba ko ka sa sunan har da mai www, kuma fayil ɗin ya shiga sites-enabled ba sites-available kawai ba. In duk wannan daidai ne amma har yanzu tsohon ke fitowa, to matsalar a baya take: proxy_pass shi kaɗai 127.0.0.1:8080 yake tura wa Apache a matsayin suna, shi kuma bai san wa ake nema ba sai ya ba da na farko. Layi ɗaya ne maganin a saitin Nginx, proxy_set_header Host $host. Wallahi layin nan ya hana mutane da yawa barci.

In WordPress ne kuma yana ta juyawa ya ƙi buɗewa bayan ka sa https, tura masa X-Forwarded-Proto, mai gaya masa cewa ta https aka shigo, sannan ka sa wp-config.php ya karanta shi.

Kar ka kira certbot, manhajar da ke karɓo satifiket na https daga Let's Encrypt, sai DNS (rajistar da ke haɗa suna da saba) na sabon sunan ya nuna sabarka, in ba haka ba Let's Encrypt ba za ta ba ka satifiket ba. In ka ga kuskuren 502, Apache ne ya mutu ko fot ɗin ba daidai ba, leƙa /var/log/nginx/error.log. Kuma don Allah ka buga nginx -t ya gwada saitin kafin restart, waƙafi mai ruwa (;) ɗaya da ka manta zai kashe har shafin kwastoman farko.