Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaure kujerar yaro da bel ɗin mota

Yawancin motocin da ke yawo a Kaduna na gwanjo ne da suka kwana biyu, kuma da dama ba su da ƙarafan ISOFIX, wato ƙarafan da ke jikin kujerar mota waɗanda ake maƙala kujerar yaro a kansu, saboda haka bel ɗin mota kaɗai ke riƙe kujerar yaro. Abin da ya ishe ni shi ne yadda iyaye ke zura bel, su ji ya yi ƙas, su ɗauka an gama.

Bel ɗin manya a sake yake, ba ya kamewa sai an taka birki da ƙarfi, kuma kafin nan kujera ta riga ta karkace. A galibin motocin da aka ƙera don Amurka daga 1996, ana jan bel ɗin har ƙarshensa, a sake shi a hankali ya koma yana ƙara, wannan ƙarar ce shaidar ya kulle. Motocin Turai da muke kira Beljiyam galibi ba su da wannan, sai a danne bel ɗin da maƙalin da ke jikin kujerar. Ni al'adata in ɗora gwiwa cikin kujerar, in danna da nauyina, in ja bel ɗin, sannan in kama ta daidai inda bel ya ratsa in jijjiga. Idan ta gusa fiye da santimita 2.5, sai in kwance in sake. Ɗan ƙanwata ya fasa goshi a wajen gadar Kawo ranar da wani mai keke ya faɗo gabansu aka taka birki, alhali yana cikin kujera mai tsada. Da na taɓa ta da hannu ɗaya, lilo take yi.

Don Allah a daina sa kujerar jariri a gaban mota wai don uwa ta riƙa ganinsa. Kujerar jariri baya take kallo, don haka idan jakar iska (airbag) ta fashe, bayan kujerar take bugawa, daidai kan jaririn. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 12 a baya suke zama. Haka kuma garajen juya yaro ya fuskanci gaba ganganci ne, domin wuyansa bai yi ƙwari ba. Ƙa'idar Turai ta R129 ta ce sai ya kai wata 15, ni kuwa nawa sai sun wuce shekara 2, ko da sun naɗe ƙafafu.

Kada bel ya murɗe, kuma a bi launin da ke jikin kujerar mai nuna inda bel zai ratsa: a kujerun Turai na tsohuwar ƙa'idar da ta gabaci R129 shuɗi na mai kallon baya ne, ja na mai kallon gaba. Da hunturu a cire wa yaro rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure shi, a lulluɓa masa bargo daga sama. Kujerar gwanjo kuwa a duba ranar ƙerawa a ƙarƙashinta, domin wa'adinta shekara 6 zuwa 10 ne, kuma wadda ta taɓa yin haɗari ba abin saye ba ce ko da araha.