Yadda za ka riƙe kuɗin kashewa a hanyar Camino kada aljihu ya bushe kafin Santiago

Masu shirin taka hanyar Camino ta Sifaniya, wato wadda ke tashi daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa ta ƙare a Santiago de Compostela, wajen kilomita 780, yawanci tikitin jirgi da biza da takalmi suke zama su lissafa, kuɗin kullum kuma sai a ce Allah zai rufa asiri. Zai rufa kam, amma tafiya ce ta kwana 30 zuwa 35 a ƙafa, kullum kana sabon gari kullum kana zaro kuɗi, in yuro 5 kacal ke zurarewa a rana ba ka sani ba toh ka ninka sau 35 ka gani. Asalinta hanyar ziyara ce ta Kiristoci amma yanzu kowa bi yake, a 2024 kusan mutum 500,000 ne suka karɓi takardar kammalawa a Santiago, don haka ƙauyukan hanyar sun san yadda ake raba matafiyi da kuɗinsa cikin ladabi da fara'a.

Fara da adadi ɗaya da za ka riƙe a kai. Shawarata yuro 45 a rana ga mai kwanan ɗakin taro kuma yana dafa wani abincin da kansa. Mai tsananin tsimi zai iya da 35, mai son ɗakinsa shi kaɗai kuwa ya shirya 70 zuwa sama, ba ruwana da shi a nan. Mutanen Nijar lissafinku mai sauƙi ne tunda sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, yuro 45 kenan wajen sefa 29,500. Masu naira kuwa ku canza guzurinku tun kafin ku tashi sannan ku daina juya farashi zuwa naira a kai, don wallahi in ka tsaya lissafa kofin kofi da naira ba za ka sha ba, ka yi ta tafiya da yunwa har ka faɗi a hanya.

Toh amma kar ka riƙe 45 ɗin a matsayin dokar kullum, ka mayar da shi na mako, yuro 315. Dalili kuwa ranakun ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Farkon tafiyar shi ya fi tsada, Saint-Jean garin Faransa ne farashinsa na Faransa, ga hawan dutsen Pyrenees na rana ta farko wajen kilomita 25 zuwa Roncesvalles, wanda ya raba shi biyu ya kwana a Orisson zai biya fiye da na sauran wurare kuma sai ya kama wuri tun da wuri. In ka duba littafinka a rana ta uku ka ga ka wuce lissafi kar hankalinka ya tashi. Da ka wuce Burgos ka shiga filin nan da ake kira Meseta har zuwa León, gonakin alkama ne iya ganinka, babu ma abin saye, a nan kuɗin ke dawowa. Sai kuma daga Sarria, kilomita 115 na ƙarshe, inda jama'a ke cika maƙil saboda kilomita 100 kawai ake buƙata a ba ka takardar, nan farashi ya sake ɗagawa. Wato abin da ka tara a Meseta na Galicia ne, yankin da Sarria da Santiago suke ciki, kar ka cinye shi a León don murna.

Masauki shi ne abin da ya fi sauƙin lissafi. Gidajen kwanan matafiya, albergue suke ce musu, iri uku ne. Na hukuma wajen yuro 10, ba a kama gado a gaba, wanda ya riga zuwa shi ke samu, dare ɗaya kawai, ana rufe ƙofa ƙarfe 10 na dare, 8 na safe kuma a sallame ka. Na 'yan kasuwa daga 14 zuwa 20, su ana iya buga musu waya a kama. Sai na uku da ake kira donativo, ka saka abin da ka ga dama a akwati, kamar na Grañón da ke cikin ginin coci inda ake dafa abincin dare tare a ci tare. Don Allah kar ka ɗauka kyauta ne, abin da ka saka yau shi ake ciyar da na gobe, in kana da hali ka saka kwatankwacin abin da za ka biya a wani wuri. Yawancin waɗannan sai da credencial, ɗan littafin da ake buga maka hatimi, kuɗinsa bai wuce yuro biyu uku ba, kuma yana sa a rage maka kuɗin shiga wasu wurare kamar babbar cocin Burgos.

Inda kuɗi ke tafiya da gaske shi ne tsaye-tsaye. Ka fito 6 na safe ba ka ci komai ba, ƙauye na farko ka zauna kofi da madara da burodi, bayan awa biyu wani ƙauyen ka ga abokan tafiya zaune sai a ce zo mana, lemun kwalba da yankan tortilla, wainar ƙwai da dankali ce, kafin azahar wani kuma, ko wanne yuro 3 ko 4 ne ba ka jin zafinsa, da yamma ka lissafa ka ga ya fi kuɗin gado. Ban ce kar ka tsaya ba, zaman nan da hira rabin daɗin hanyar kenan. Amma ka yanke wa kanka tsayawa ɗaya ta kuɗi a rana, sauran ka zauna a inuwa ka buɗe jakarka. Kullum da yamma ka shiga kanti, Dia ko Eroski ko Mercadona a manyan garuruwa, ka sayi burodi da cuku da ayaba da gyaɗa da gwangwanin kifi na gobe. Ruwa kuwa kar ka saya, akwai famfo a kusan kowane ƙauye, ka dai duba rubutu, in an sa agua no potable ba na sha ba ne.

Kantunan ƙauye suna rufewa da rana, wajen 2 zuwa 5, ranar Lahadi kuma da yawa ba sa buɗewa sam. Wanda ya manta ranar Asabar dole ya ci a gidan abinci sau uku ranar Lahadi. Akwai kuma tsakanin Carrión de los Condes da Calzadilla de la Cueza, kilomita 17 babu ƙauye ko ɗaya, ka fito da abincinka da ruwanka.

Abincin dare akwai abin da ake kira menú del peregrino, kwano biyu da kayan zaƙi da burodi da abin sha, yuro 12 zuwa 15. Ga Musulmi sai a hankali, don farashin ya haɗa da giya, ka ce ruwa kake so, kuma alade yana ko'ina, chorizo a cikin miyar wake, jamón a kan ganye, har miyar nan ta Galicia, caldo gallego, da kitsen alade ake yinta ko da ba ka ga nama ba. Sau da yawa sai ka biya cikakken kuɗi ka ƙare da taliya da kifi. Shi ya sa dafawa ta fi mana riba ninki biyu, ga araha ga kwanciyar hankali. Ku haɗu mutum uku huɗu kowa ya kawo yuro 4 ko 5, shinkafa ko taliya da tumatir da ƙwai da kifin gwangwani, a ci a ƙoshi. Ka leƙa kicin ɗin kafin ka je cefane, yawanci waɗanda suka kwana jiya sun bar mai da gishiri da ragowar taliya. A gidajen gwamnatin Galicia kuma sai ka tarar da kicin fes amma babu tukunya ko ɗaya, toh can ka shirya wa abin da ba ya buƙatar wuta.

Yanzu maganar tsabar kuɗi da kati. Wurare da yawa na karɓar kati yanzu, amma gidajen hukuma da na donativo da ƙananan shaguna tsaba suke so, kuma ba kowane ƙauye ke da ATM ba. Ka riƙa cirewa a Pamplona, Logroño, Burgos, León, Astorga, Ponferrada, Sarria, kamar 200 zuwa 300 a lokaci ɗaya don kuɗin cirewa kar ya yi ta cinka sau goma. Ka nemi na'urar da ke jikin banki, waɗanda ke tsaye su kaɗai a wurin 'yan yawon buɗe ido cajinsu ya fi yawa. In na'ura ta tambaye ka ko ta canza maka zuwa kuɗin ƙasarka ko dala, ka ƙi, ka zaɓi yuro, canjinsu ba na mutunci ba ne. Takardar yuro 100 ko 200 kar ka kai ta ƙauye, ba mai canji, ka fasa ta a babban kanti ka riƙe 'yan 5 da 10 da 20 da silalla don injin wanki. Katin naira kuwa ka je bankinka ka tambayi iyakarsa a waje tun kana gida, kar ka dogara da shi shi kaɗai, kati biyu daga banki biyu shi ne daidai.

Kuɗin ka raba su gida uku. Na yau a aljihu, in ya ƙare ya ƙare. Na mako da fasfo da kati ɗaya a 'yar jakar da ke jikinka, da ita za ka shiga wanka cikin leda da ita za ka kwanta, don ɗaki ne na mutum 20 ko 50 ba ka san kowa ba. Na uku kuma kuɗin ko-ta-kwana, yuro 300 zuwa 400 da kati na biyu, a ƙasan babbar jaka, wannan ba na marmari ba ne.

Me zai sa ka taɓa shi? Jiki. Wajen mako na biyu ƙafa za ta yi bororo ko jijiya ta kumbura, kantin magani zai ci yuro 15 ko 20 a shiga ɗaya, wata rana dole ka ba masu kai kaya jakarka su wuce maka da ita gaba, Correos na yi Jacotrans na yi, wajen yuro 6 zuwa 8 kowane zango. In kuma hutu ya kama, yawanci gidan hukuma ba zai bar ka dare biyu ba, sai ɗaki mai zaman kansa na 40 ko 50. Wani daren ma minsharin mutane kaɗai zai kore ka zuwa otal. Ka sa kwana biyu irin wannan a lissafi tun farko. Na fi ganin hikimar biyan yuro 7 jaka ta tafi a mota da a ce mutum ya matsa wa gwiwa don tsimi har ya ƙare a tasi da asibiti. Inshorar da aka sa ka yi don bizar Schengen, mai ɗaukar aƙalla yuro 30,000, ka ajiye lambarta a waya da kuma a takarda, lambar gaggawa kuma 112 ce.

Wanki ka yi da hannu, sabulu ɗaya ya isa, inji sai ranar ruwan sama kuma ku haɗa kaya da wasu ku raba kuɗin. Kullum kafin barci ka rubuta abin da ka kashe, minti biyu ne, ranar Lahadi ka haɗa ka ga ko 315 ɗin ta riƙe. In ka wuce, mako mai zuwa ka ƙara dafawa ka rage tsaye-tsaye, kar ka rage cin abinci.

Santiago kanta ka ware mata nata daban, kamar yuro 150, don gado a can ya fi tsada, ga kuɗin mota zuwa filin jirgi ga tsarabar mutanen gida da ba za a yafe maka ba. Takardar kammalawar, Compostela, kyauta ce, ta nisan tafiya ce ake biyan yuro 3. Mai niyyar zuwa a 2027 kuma ya ƙara kan duk lissafin nan, shekara ce ta musamman a wurinsu saboda 25 ga Yuli, ranar bikin waliyyinsu Santiago, ta faɗo ranar Lahadi, gadajen hukuma za su cika tun kafin azahar.