Bayan An Sha Kaye: Abin Da Birni Zai Yi Idan Ya Rasa Baƙuncin Babbar Gasa

Neman baƙuncin wasannin Olamfik, ko Kofin Duniya, ko wasannin ƙasashe rainon Ingila, aiki ne da kan ci shekara biyu zuwa uku da maƙudan kuɗi, kuma ranar zaɓe suna ɗaya za a kira. Sauran su koma gida da kundin alkawura mai ɗaruruwan shafuka, da filayen da aka riga aka saya, da ma'aikatan da albashinsu zai tsaya nan da 'yan makonni. Yadda aka yi da waɗannan a shekarar farko shi ke nuna ko kuɗin nan sun haifi wani abu ko sun bi ruwa.

A fara da karanta ƙuri'u

Kafin a zargi kowa, a zauna da alƙaluman zaɓen zagaye bayan zagaye. Jimillar ƙarshe ba ta faɗar komai, inda ƙuri'un waɗanda aka fitar suka koma shi ne abin dubawa.

A zaɓen Olamfik na 2016, da aka yi a Copenhagen ranar 2 ga Oktoban 2009, Madrid ce ta zo kan gaba a zagayen farko da ƙuri'a 28, Rio 26, Tokyo 22, Chicago 18. Da aka fitar da Chicago, Madrid ta ƙaru da ƙuri'a ɗaya tak, Rio kuwa ta haura zuwa 46. A zagayen ƙarshe Rio 66, Madrid 32. Wato Madrid tana da masoyanta na ƙashin baya, amma kusan babu wanda ya ajiye ta a matsayin zaɓinsa na biyu. Dalilin bai ɓoye ba: Landan ke riƙe da 2012, Sochi ta Rasha da Olamfik na hunturu na 2014, ba a ga hujjar sake komawa Turai ba. Irin wannan kayen na lokaci ne, gyaran kundi ba ya maganinsa.

Na Chicago daban ne. Shugaba Obama da kansa ya je Copenhagen, amma birnin ne aka fara fitarwa, a daidai lokacin da kwamitin Olamfik na Amurka ke takun saƙa da hukumar Olamfik ta duniya (IOC) kan rabon kuɗin talabijin da na tallace-tallace. Amurka ba ta nemi 2020 ba, ta tsaya ta warware rikicin kuɗin a 2012, sannan Los Angeles ta samu 2028. Abuja kuma, da Glasgow ta kayar da ita da ƙuri'a 47 da 24 a Colombo cikin Nuwamban 2007 kan wasannin ƙasashe rainon Ingila na 2014, tun kafin zaɓe rahoton masu tantancewa ya nuna cewa shirinta bai yi cikakken bayani ba a fannoni irin su sufuri da kuɗi. Wannan kayen na takarda ne, kuma shi ne mafi sauƙin gyarawa in akwai niyya.

Don haka a tantance wanne ne ya faru: lokaci, ko dangantaka da masu zaɓe, ko raunin shiri. A ɗauki rahoton masu tantancewa a bi shi layi-layi, duk inda suka nuna shakka a rubuta wanda zai gyara da ranar gamawa. A nemi zama da hukumar gasar bayan wata ɗaya ko biyu, lokacin da zukata suka huce. Abin da za a guje wa shi ne zage-zage a gaban 'yan jarida a daren zaɓe, domin mutanen nan su ne za su sake jefa ƙuri'a. Afirka ta Kudu ta rasa Kofin Duniya na 2006 da ƙuri'a 12 da 11 a hannun Jamus, bayan da wakilin yankin Oceania, Charles Dempsey, ya ƙi jefa tasa a zagayen ƙarshe. Ta yi ƙorafi, amma ribar da ta fi amfanarta ita ce amincewar FIFA da tsarin karɓa-karɓa tsakanin nahiyoyi, wanda ya kawo 2010 Afirka.

Rufe ofis da lissafin kuɗi

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai a nan ake yawan sakaci. Cikin wata uku a biya 'yan kwangila da masu ba da shawara, a soke yarjejeniyar ɗakunan otal da allunan talla da aka kama da sharaɗin in an ci, a kira masu binciken kuɗi daga waje, a buga rahotonsu kowa ya gani. Ostireliya ta kashe fiye da dalarta miliyan 40 na gwamnati wajen neman Kofin Duniya na 2022, ta samu ƙuri'a ɗaya. Ingila ta samu biyu a neman 2018. Inda aka yi irin wannan faɗuwa jama'a za su tambayi inda kuɗi suka shiga, kuma in ba a amsa da takarda ba, duk wanda ya sake kawo maganar neman gasa kallon ɗan damfara za a yi masa.

Kada a sallami kowa da kowa. A riƙe mutum biyar zuwa goma, musamman masu tsara birni, da masanin sufuri, da wanda ya san shugabannin hukumomin wasanni fuska da fuska, a mayar da su ƙarƙashin wata hukuma mai kasafi. Taswirori, da binciken cunkoson hanyoyi, da zanen gine-gine, da takardun lamunin gwamnati, a miƙa su ga ma'aikatar tsara birni a rubuce. In aka bar su a kwamfutocin kwamitin da aka rusa, bayan shekara huɗu sai an sake biyan kuɗi a yi su daga farko.

Fili da ayyukan da aka yi alkawari

A nan ne ake cin riba ko a yi babbar asara. A buɗe kundin neman, a yi wa kowane aiki tambaya ɗaya: in babu gasa har abada, birnin nan yana buƙatarsa? Layin dogo, gidaje, magudanan ruwa, gyaran tsohuwar unguwar masana'antu, galibi amsarsu e ce. Filin wasa mai ɗaukar mutum 80,000 da babu ƙungiyar da za ta zauna a cikinsa, amsarsa a'a ce, komai kyan zanensa.

New York ta rasa Olamfik na 2012, amma sauya dokar amfani da fili da aka yi a yankin Hudson Yards a farkon 2005 saboda neman gasar ta ci gaba da aiki. Aka tsawaita layin jirgin ƙasa mai lamba 7 zuwa wurin, ya buɗe a 2015, kuma filin da aka ware wa ƙauyen 'yan wasa a Queens ya koma dubban gidaje masu rangwamen haya. Paris, wadda Landan ta kayar da ƙuri'a 54 da 50 a Singapore ranar 6 ga Yulin 2005, ta mayar da tsohon filin jiragen ƙasa na Batignolles, inda aka so gina ƙauyen 'yan wasa, ya zama unguwa mai gidaje da lambun shaƙatawa da sabon ginin kotu. Ta kuma gina zauren tseren keke na Saint-Quentin-en-Yvelines, ya buɗe a 2014, shi aka yi amfani da shi a Olamfik na 2024 da Paris ta karɓa.

Chicago ta bi ta ɗaya hanyar. Ta sayi filin tsohon asibitin Michael Reese kan sama da dala miliyan 80 kafin zaɓe, da zummar 'yan kasuwa za su karɓa su gina ƙauyen 'yan wasa. Da gasa ta kuɓuce, aka rushe gine-ginen, fili ya zauna fayau fiye da shekara goma ana biyan bashinsa. Kuskuren shi ne sayen fili kai tsaye maimakon kama shi da sharaɗi, da kuma rashin shiri na biyu a aljihu. A Madrid, ginin cibiyar ninƙaya da aka fara ya tsaya a ƙwarangwal na kankare shekara da shekaru, dab da filin La Peineta, wanda shi kansa bai samu rai ba sai da Atletico Madrid ta koma cikinsa a 2017.

In har za a gina filin wasa duk da kayen, a rage shi, kuma a samo mai haya kafin a haƙa tushe. Manchester ta rasa Olamfik na 1996 da na 2000. Ta gina zauren tseren keke a 1994, wanda ya zama gidan horar da 'yan keken Birtaniya. Babban filin mai kujera 80,000 da ke cikin kundinta kuwa, ta rage shi zuwa kimanin 38,000 don wasannin ƙasashe rainon Ingila na 2002, gefe ɗaya ma kujerun wucin gadi ne. Da aka tashi wasanni sai aka cire layin tsere, aka haƙe tsakiyar filin ya yi ƙasa, aka ƙara jerin kujeru a inda aka haƙe, aka gina gefen da ya rage, Manchester City ta tare a 2003. Tun a zanen farko aka tanadi wannan haƙan, ba daga baya aka farga ba.

Ƙananan gasa

Mai zaɓe ya fi yarda da abin da ya gani da ido. Rio ba ta ma shiga jerin ƙarshe ba a neman Olamfik na 2004 da 2012, sai ta karɓi wasannin nahiyar Amurka a 2007, bayan shekara biyu ta ci Olamfik. Maroko ta rasa Kofin Duniya sau biyar, na 1994, 1998, 2006, 2010 da 2026, na ƙarshen da ƙuri'a 134 da 65. A tsakani ta buɗe filayen Tanja da Marrakesh a 2011 da na Agadir a 2013, ta karɓi gasar ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa ta duniya, da gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka a 2018, da ta matan Afirka a 2022, har ta samu 2030 tare da Sifaniya da Portugal. A zaɓi gasar da ta dace da filayen da ke ƙasa, a gayyaci shugabannin hukumomi, a yi ta cikin tsari: motoci su zo a kan lokaci, wuta kada ta ɗauke, biza ta fito ba wahala.

Gasa ɗaya ba ta isa in ba a kula da wuraren bayanta. Abuja ta karɓi wasannin Afirka a 2003, ta ga wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, amma ciyawar babban filinta ta lalace har sai da Dangote ya ɗauki nauyin gyara ta. Masu tantancewa na lura da irin wannan giɓin. Da Abuja ta sake nema, wannan karon wasannin ƙasashe rainon Ingila na 2030, Ahmedabad ta Indiya aka ba. Kasafin kula da filaye na kowace shekara, da jadawalin gasa na shekara biyar ko fiye, sun fi sabon zane tasiri.

A sake nema ko a haƙura?

A sake nan take in tazarar ƙarama ce kuma dalilin mai gyaruwa ne. PyeongChang ta Koriya ta Kudu ta rasa wasannin hunturu na 2010 da ƙuri'a 56 da 53, ta rasa na 2014 da 51 da 47, alhali duka biyun ita ke kan gaba a zagayen farko. Ta ci gaba da gina wuraren da ta alkawarta, ta kuma riƙe shirin da ta fara a 2004 na kawo yara daga ƙasashen da ba su da dusar ƙanƙara su koyi wasannin. A zaɓen Durban a 2011 ta ci na 2018 tun zagayen farko da ƙuri'a 63. Sai dai wurin shaƙatawa na Alpensia da aka gina ya bar wa lardin bashi mai nauyi, a sa wannan ma a lissafi.

In kayen na lokaci ne, a tsallake zagaye ɗaya ko biyu. Paris ba ta nemi 2016 da 2020 ba, ta dawo da shirin da kusan duk wurarensa akwai su ko na wucin gadi ne, da ɗan wasa Tony Estanguet a gaba maimakon 'yan siyasa. Madrid ta jera uku a jere, ta faɗi duka, Istanbul ta nema sau biyar ba ta samu ba.

A 2019 IOC ta sauya tsari: birni ya samu damar shiga tattaunawa da kwamitin zaɓen masu baƙunci ba tare da ya ɗaure kansa da shekara ba, sai in hukumar ta gamsu ta ware shi a shiga magana ta musamman. Ta haka Brisbane ta samu 2032 a 2021. Ga birnin da ya sha kaye, wannan na nufin 'yan mutanen nan da aka riƙe su ne za su ci gaba da zuwa teburin, da rahoton abin da aka gina tun bayan zaɓe, ba tare da an sake kafa babban kwamiti ba.