Shawara ga mai tara kuɗin gidansa na farko a Akra

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarata ga duk wanda yake tara kuɗin gidansa na farko ita ce kada ya zuba dukan ajiyarsa a fili, domin mai gidan haya a unguwar Nima ko Madina zai ci gaba da neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da cewa dokar haya ta Gana ta 1963 wata shida kawai ta yarda a karɓa. A fara ware kuɗin haya da na asibiti da na makarantar yara, abin da ya ragu shi ne na gini.

Shi kuwa kuɗin ginin, barinsa a banki shekara da shekaru hasara ce a ganina, tunda a Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100. Idan an kwashi adashi, gara a mayar da shi bulo ko rodi, amma ban da siminti, wanda yake daskarewa idan ya daɗe a ajiye.

Kafin a biya ko sisi a kan fili a Kasowa ko Amasaman da ke kusa da Akra, a kai takardar awo ofishin hukumar filaye, wato Lands Commission, a bincika, saboda ana sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Ma'aikacin albashi kuma, dokar fansho ta 2008 ta ba shi damar jinginar da fanshonsa na mataki na biyu, wato kason fansho na dole da kamfanoni masu zaman kansu ke kula da shi, don samun bashin gidan da zai zauna, sai dai mai karɓar albashi da sidi ya guji bashin da ake biya da dala.