Yadda Ake Shirya Tafiya Jamus Don Kallon Mawaƙan Gotik Da Dakwef

Kiɗan gotik ya samo asali ne a Ingila a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ƙungiyoyi irin su Bauhaus da Siouxsie and the Banshees, daga baya kuma The Sisters of Mercy da aka kafa a Leeds a 1980, suka fito da sauti mai nauyi da murya mai kauri, da waƙoƙin da suke magana a kan kewa da kaɗaici da mutuwa. Dakwef ɗan'uwansa ne da ya yi ƙarfi a Jamus da maƙwabtanta tun daga shekarun 1980, kuma ya fi dogara da na'urorin kiɗa na lantarki. Wanda bai taɓa jin wannan kiɗa ba sai a waya, to da sauransa, domin a zauren wasa amon yana dukan ƙirji ne kafin ya kai kunne. Matsalar ita ce yawancin masu yin sa a Turai da nahiyar Amurka suke yawon wasanninsu, saboda haka mai son ganinsu ido da ido sai ya ɗauki jaka.

Matakin farko shi ne ka zaɓi biki, kada ka zaɓi wasan ƙungiya guda. Idan ka kashe kuɗin jirgi da biza saboda wasan dare ɗaya, sannan mawaƙin ya yi rashin lafiya aka ɗage wasan, ka yi biyu babu. A biki kuwa, ko ƙungiya ɗaya ta fasa zuwa, akwai wasu da yawa. Ana yin bikin M'era Luna a watan Agusta a wani filin jirgin sama da ke Hildesheim a Jamus, kwana biyu a wuri ɗaya, kuma shi ya fi sauƙin sha'ani ga baƙo. Ana yin Amphi a watan Yuli a bakin kogin Rhine a birnin Kolon, akwai kuma Castle Party a garin Bolków na ƙasar Poland. Whitby Goth Weekend, wanda aka fara a 1994, a Ingila yake, kuma bizar Birtaniya daban take da ta sauran ƙasashen Turai. A ganina, wanda zai yi wannan doguwar tafiya sau ɗaya, gara ya nufi Wave-Gotik-Treffen na birnin Leipzig, wanda aka fara a 1992, yake tara mutane kimanin 20,000 da ƙungiyoyi fiye da 150 cikin kwana huɗu. A kansa sauran bayanin zai tsaya.

Mataki na biyu shi ne sanin ranar, sannan ka riƙa lissafi daga ita kana komawa baya. Bikin ba shi da tsayayyar rana, domin yana bin idin Fentikos na Kirista, wanda yake zuwa mako bakwai bayan Ista, wato wani lokaci a Mayu, wani lokaci a Yuni. Ana farawa ranar Juma'a, a rufe ranar Litinin. Da zarar ka tabbatar da ranakun, masauki za ka fara kamawa tun kafin tikiti, saboda masu zuwa kowace shekara sukan kama ɗakunan badi tun suna barin garin, kuma abin da ya rage yakan yi tsada. Ka nemi ɗakin da za a iya fasawa ba tare da asara ba, ko da biza ta ƙi fitowa. Akwai filin kafa tanti a harabar agra, wani filin baje koli da ke gefen garin Markkleeberg mai maƙwabtaka da Leipzig, sai dai yana buƙatar ƙarin kati na musamman ban da tikitin shiga, kuma ba na ba wanda bai saba da sanyin daren Turai ba shawarar kwana a can. Idan Leipzig ta cika, birnin Halle yana kusa, jirgin ƙasa kuma yana haɗa su.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne cin lokaci ga mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana, shi ne bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta shiga Jamus da ƙasashen Turai da dama. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida a tafi, kuma hikima ita ce ka nemi ranar ganawa da ofishin jakadancin Jamus tun da wuri, domin samun ranar kansa yakan ɗauki makonni. Kuɗin biza ga babba Yuro 90 ne tun daga Yunin 2024. Dole fasfo ya kasance da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba, kuma wa'adinsa ya wuce ranar dawowarka da aƙalla wata uku. Ana buƙatar inshorar lafiya ta tafiya da za ta iya biyan Yuro 30,000, da shaidar masauki, da bayanan asusun banki, da takardar wurin aiki ko kasuwanci da ke nuna kana da abin da zai dawo da kai gida. Ka faɗi dalilin tafiyarka yadda yake, ka haɗa da shaidar sayen tikitin bikin. Zuwa kallon kiɗa halattaccen yawon buɗe ido ne, babu abin ɓoyewa a ciki, kuma ƙirƙiro wani dalili shi ke jawo tambayoyin da mutum zai kasa amsawa.

Mataki na huɗu, maganar jirgi, ba shi da tsawo. Daga Frankfurt jirgin ƙasa mai sauri yana kaiwa Leipzig cikin awa uku da ɗoriya, daga Berlin kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Ka isa ranar Alhamis, don gajiyar hanya ta sake ka kafin a fara.

Mataki na biyar shi ne inda sabon zuwa ya fi tuntuɓe. Da ka isa za ka kai tikitinka a musanya maka da wani ƙyalle da ake ɗaurawa a wuyan hannu, wanda ba a cire shi har bikin ya ƙare. Amma bikin a warwatse yake a wurare da dama cikin birnin, kamar babban zauren agra, da Moritzbastei mai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, da Felsenkeller, da Täubchenthal, kuma ƙyallen bai ba ka tabbacin shiga kowanne ba. Idan zaure ya cika, masu gadi suna tsayar da shiga, sai wani ya fito sannan wani ya shiga, kuma za ka iya tsayawa a layi kana jiyo ƙungiyar da ka zo dominta ta bayan bango. Cikakken jadawalin wasanni ba ya fitowa sai bikin ya matso sosai. Da ya fito, ka zauna da biro ka ware ƙungiya ɗaya ko biyu a kowace rana waɗanda ba za ka yarda su wuce ka ba, ka shiga zauren tun ana saura ƙungiyoyi biyu kafin su, ka tsaya a nan. Mai tsalle daga wannan zaure zuwa wancan yakan ƙare darensa a cikin taragon cikin gari. Tsayuwar ma tana da riba, domin a cikin waɗanda suke buɗe fage ne mutum yake gano ƙananan ƙungiyoyin da bai taɓa jin sunansu ba.

Ka bar wa rana nata rabon. Ranar Juma'a da yamma ana taruwa a lambun Clara-Zetkin cikin tufafin zamanin Sarauniya Biktoriya: mata da baƙaƙen riguna masu faɗi da lema ta leshi, maza da dogayen huluna, an shimfiɗa mayafai a kan ciyawa ana shan shayi, kuma shiga kyauta ce. Kada ka ɗauki hoton kowa sai ka nemi izini. Ba wanda zai tilasta maka irin wannan shiga. Baƙar riga da wando sun wadatar, kuma takalmi mai daɗin tafiya ya fi kowace kwalliya amfani.

Mataki na ƙarshe shi ne kula da jiki da ibada. Ka sayi abin toshe kunne na masu kallon wasa, wanda yake rage ƙara ba tare da ɓata sauti ba, domin dare huɗu a gaban manyan lasifikoki na iya barin mutum da ƙugin kunne na dindindin. Ana yawan amfani da hayaƙin dandamali da fitilu masu walƙiya, don haka mai asma ko farfaɗiya ya tsaya kusa da ƙofa. Ana sayar da giya a duk wuraren, sai dai akwai ruwa da lemo, kuma ana karɓar 'yan kuɗin ajiya a kan kofi, a mayar maka idan ka mayar da shi, don haka ka riƙe tsabar kuɗi. Yawancin tsiran Jamus na naman alade ne. Mai neman halal ya nufi titin Eisenbahnstraße, inda shagunan Larabawa da Turkawa suke da yawa. A wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, wato magariba tana shiga daidai lokacin da manyan ƙungiyoyi suke shirin hawa dandamali, asuba kuma tana yi da wuri ƙwarai, saboda haka ka duba lokutan salla na garin tun kana tsara jadawalinka. Ka yi sayayyar abinci ranar Asabar, domin kantuna a rufe suke ranar Lahadi da Litinin ɗin hutu, in ban da wasu da ke babbar tashar jirgin ƙasa. Tikitin dawowa kuma ka sa shi ranar Talata da rana, bayan ka tabbatar ranar tana cikin kwanakin da aka rubuta a bizarka.