Kurakuran da Aka Fi Yi Idan Foldar Tarayya Ta Ƙi Buɗuwa a Kwamfutocin Gida

Kwanakin baya wani dattijo maƙwabcinmu a Agege, wanda yake kasuwancin albasa a kasuwar Mile 12, ya aiko a kira ni da sassafe. Lissafin kasuwancinsa gaba ɗaya yana cikin wata folda a kwamfutar tebur da ke falon ƙasa, ɗansa kuma yakan buɗe ta daga laftof ɗinsa a ɗakin sama domin shigar da cinikin ranar. A wannan safiya foldar ta ƙi buɗuwa, sai dai wani saƙo da ke fitowa ɗauke da lambar 0x80070035. Kafin in iso, yaron ya riga ya kashe katangar tsaron Windows, ya cire manhajar kashe ƙwayoyin cuta, har ya sa kwamfutar a jaka zai kai ta Ikeja a goge ta a sake zuba mata Windows. Na ce masa, “Ɗan'uwa, dakata tukuna, nuna mini sunan Wi-Fi ɗin da laftof ɗinka take kai.” Ashe da aka ɗauke wuta cikin dare rautar gidan ta mutu, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gidan, sai laftof ɗin ta koma kan ƙaramar na'urar intanet ta aljihu mai batir, ba ta kuma dawo ba ko da aka tayar da janareta. Alhaji ya ce, “Malam, wato duk wannan tashin hankali a kan wannan ne?” Na ce, “Ranka ya daɗe, a kan wannan ne kawai.”

Abin da ya faru a gidan nan shi ne tushen yawancin kurakuran da nake gani: mutane suna fara ɓalle ƙofa kafin su duba ko hanyar da ta kai ga gidan a buɗe take. Matsalar foldar tarayya hawa-hawa ce. Akwai hanya tsakanin kwamfutocin biyu, akwai katangar da ke gadin kwamfutar da foldar take ciki, akwai suna da kalmar sirri, sannan akwai izinin da aka ba wa mai shiga. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba kasafai yake kai rabin sa'a bai gano inda gizo ke saƙa ba.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar cewa tunda kwamfutocin biyu suna da intanet, to suna kan sadarwa ɗaya. A Legas gida ɗaya yakan tara rauta, da na'urar aljihu, da wayar da ake raba intanet daga cikinta, saboda yau wannan layi ya yi kyau gobe wancan. Hanyar tantancewa ita ce a buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a kowace kwamfuta, a rubuta ipconfig, a duba adireshin IPv4. A yawancin gidaje kashi uku na farkon lambar dole su zo ɗaya. Idan ɗaya tana nuna 192.168.0.12 ɗayar kuma 192.168.8.101, to ba unguwa ɗaya suke ba, kuma babu saitin da za a taɓa a cikin Windows da zai haɗa su. Idan kuwa lambar ta fara da 169.254, ma'anarta kwamfutar ba ta sami adireshi daga rauta ba kwata-kwata, sai a duba wayar da ta haɗa ta da rauta ko a sake kunna rautar.

Akwai wasu tarkuna biyu da suka fi wannan ɓuya. Na ɗaya shi ne Wi-Fi ɗin baƙi, wanda aka ƙera shi musamman domin ya ba mutum intanet amma ya hana shi ganin sauran na'urorin gida. Na biyu kuma yana samun masu gidan bene, waɗanda suke sayen rauta ta biyu domin ƙarfin Wi-Fi ya kai sama, sai a jona wayar a ramin da aka rubuta WAN. Yin haka yana sa rauta ta biyu ta kafa tata sadarwar daban da nata adireshin, ta yadda kwamfutar ƙasa ba za ta iya kai wa ga ta sama ba. Gyaran shi ne a mayar da rauta ta biyu mai miƙa sigina kawai, ta bar rabon adireshi ga ta farko.

Daga nan sai kuskuren dogaro da sashen Network na File Explorer. Mutum zai buɗe wurin, bai ga sunan ɗayar kwamfutar ba, sai ya yanke hukunci cewa komai ya lalace. Rashin ganin suna a jerin nan ba ya nufin foldar ba ta samuwa. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta \\192.168.0.12, wato adireshin kwamfutar da foldar take ciki tare da karkatattun layuka biyu a gabansa. Idan ta buɗe, to tarayyar lafiyarta ƙalau, sanarwar suna ce kawai ta tsaya, kuma sau da yawa ana gyara ta ne ta hanyar kunna hidimar Function Discovery Resource Publication a kwamfutar da ke riƙe da foldar, a kuma saita ta ta riƙa tashi da kanta. Masu neman HomeGroup, tsohon tsarin raba fayil a gida, su daina wahalar da kansu, domin Microsoft ya cire shi tun sigar 1803 ta Windows 10 a shekarar 2018.

Sai dai adireshi ma yana da tasa matsalar, wadda yanayin wutarmu ke ƙara tsananta ta. Rauta tana ba da adireshi ne aro, kuma idan wuta ta ɗauke ta dawo, ko aka sauya daga wutar layi zuwa janareta, kwamfutar da jiya take 12 tana iya wayar gari a 15. Gajeriyar hanyar da aka ajiye a fuskar laftof tana nan tana ƙwanƙwasa tsohon gida. Maganin dindindin shi ne a shiga saitin rautar a keɓe wa kwamfutar da ke riƙe da foldar adireshi ɗaya wanda ba zai sauya ba. A duba sunayen kwamfutocin kuma, musamman 'yan tokunbo waɗanda mai gyara ɗaya ya zuba musu Windows, domin na sha ganin biyu a gida ɗaya da suna iri ɗaya, kuma hakan yana rikitar da nema ta suna.

Idan hanya ta tabbata amma har yanzu shiru, abu na gaba shi ne matsayin da Windows ta ba sadarwar. Tana kasa sadarwa gida biyu, Public da Private. A na farko tana ɗauka kana filin jirgi ko otal ne, sai ta rufe ƙofofin tarayya, kuma Windows 11 tana sa kowace sabuwar sadarwa a wannan matsayi. Shi ya sa mutum zai sayi sabuwar rauta, ko ya canza sunan Wi-Fi, washegari tarayyar da ta shekara tana aiki ta tsaya cak. A shiga saitin sadarwa a mayar da ita Private, sannan a kunna gano na'urori da raba fayil da firinta. A nan ne mutane suka fi kashe katangar tsaro baki ɗaya, kuma ina adawa da wannan ƙwarai, domin wanda ya kashe ta “na minti biyar” yawanci mantawa yake yi, sai ya ɗauki laftof ɗin ya hau Wi-Fi ɗin jama'a da ita a buɗe. Tarayyar fayil tana bin ƙofa mai lamba 445 ne, kuma ana iya gwada ta kai tsaye a PowerShell, wata tagar rubuta umarni, da umarnin Test-NetConnection tare da adireshin da kuma -Port 445. Wannan ya fi gwajin ping, wato umarnin duba ko kwamfuta tana amsawa, inganci, tunda katangar Windows takan ƙi amsa ping ko da kwamfutar tana kunne. Idan akwai manhajar VPN ko wata manhajar tsaro mai tata katangar, a duba su ma.

Batun kalmar sirri shi ne ya fi cin rai, kuma a nan na fi ɓata lokaci da mutane. Idan akwatin neman suna da kalmar sirri ya fito, asusun da ake tambaya na kwamfutar da foldar take ciki ne, ba na wadda kake zaune a gabanta ba. Lambar PIN da kake buɗe kwamfuta da ita kullum ba za ta yi aiki a nan ba, domin ita a jikin na'ura ɗaya aka ɗaure ta. Idan asusun na Microsoft ne, ainihin kalmar sirrin asusun ake buƙata, wadda da yawa sun manta da ita tun ranar da suka ƙirƙire ta. Asusun da ba shi da kalmar sirri kuwa, Windows tana hana shi shiga ta sadarwa tun asali. Shawarar da nake bayarwa a kowane gida ita ce a buɗe wani asusu na cikin kwamfutar, ba mai ikon gudanarwa ba, a ba shi suna kamar “iyali” da kalmar sirri mai ƙarfi, a yi amfani da shi don tarayya kawai.

Wani lokaci kalmar sirrin daidai take amma ana ta ƙin karɓarta, ko ma ba a tambaya sam. Dalili shi ne Windows ta adana tsohuwar a Credential Manager, wato ma'ajiyarta ta kalmomin sirri, tana ta miƙa ta a ɓoye. A shiga can a goge abin da aka ajiye da sunan ko adireshin waccan kwamfutar. Idan saƙo mai lamba 1219 ya fito, yana nufin an riga an haɗu da kwamfutar da wani suna, kuma Windows ba ta yarda da sunaye biyu a lokaci ɗaya. Umarnin net use * /delete yana yanke duk haɗin da ke akwai, sai a sake shiga.

Izini kuma ƙofa biyu gare shi, kamar gidan da ke da zaure da ɗakin ciki. Idan aka danna dama a kan folda aka buɗe bayananta, shafin Sharing shi ne ƙofar zaure, shafin Security kuma ƙofar ɗaki. Mai shigowa ta sadarwa sai ya wuce duka biyun, kuma wadda ta fi tsanani ita ke yanke hukunci. Saboda haka ne mutum zai iya buɗe fayil amma ya kasa adana gyara, ko ya ga sunan foldar amma a ce masa ba shi da izinin shiga. Wannan ya fi faruwa idan foldar tana kan fuskar kwamfuta ko cikin Documents, wuraren da tun farko mallakin mai asusun ne shi kaɗai. Ya fi sauƙi a ƙirƙiri folda daban, misali C:\Tarayya, a sa sunan asusun iyali a shafukan biyu.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne a ba Everyone, wato kowa da kowa, cikakken iko sannan a kashe kariyar kalmar sirri. Na san yana aiki nan take, shi ya sa ake yawan ba da wannan shawara. Amma a gidajen haya na Idi-Araba ko Obalende, inda kalmar sirrin Wi-Fi take yawo daga ɗaki zuwa ɗaki, Everyone ya haɗa da ɗan maƙwabci da baƙon da ya kwana ɗaya. Kuma mutane da yawa ba su san cewa fayil ɗin da aka goge ta cikin sadarwa ba ya zuwa kwandon shara ba. Tafiya yake yi kai tsaye. Wanda karatu kawai yake buƙata, a ba shi izinin karatu kawai.

Kuskure mafi haɗari shi ne kunna SMB1. SMB shi ne harshen da kwamfutoci ke magana da shi wajen raba fayil, kuma sigarsa ta farko ta tsufa ƙwarai. Ta biyu ta zo da Windows Vista, ta uku da Windows 8 a 2012. Ta ramin da ke cikin sigar farko ne ƙwayar WannaCry ta bazu a watan Mayun 2017, ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. Daga sigar 1709 ta Windows 10 Microsoft ya fara barin SMB1 a kashe. Masu buƙatarsa a yau galibi tsofaffin rautoci ne masu ramin USB, da tsofaffin firintoci masu tura hoton takarda cikin folda, da tsofaffin akwatunan ajiya. A fara neman sabunta manhajar na'urar, a duba ko tana da zaɓin SMB2. Idan ba ta da shi, a ganina gara a zare faifan ajiyar da ke jikinta a jona shi a kwamfuta a raba daga can. Haka nan waɗanda tarayyarsu ta tsaya bayan sun koma Windows 11 sigar 24H2 su sani cewa nau'in Pro na wannan siga yana tilasta sa hannun tsaro a kan saƙonnin SMB, kuma ya daina yarda da shigar baƙo marar kalmar sirri. Gyaran da ya dace shi ne a sa suna da kalmar sirri a na'urar ajiyar, ba a sassauta tsaron Windows ba.

Saura abu ɗaya mai sauƙi da ake mantawa: kwamfutar da ta yi barci ba ta ba da fayil, haka laftof da aka rufe murfinta. A saitin wuta a hana wadda ke riƙe da foldar barci muddin tana jone da lantarki. A gidan Alhaji, bayan mun mayar da katangar tsaro da manhajar da yaron ya cire, mun keɓe wa kwamfutar falo adireshi, mun hana laftof ɗin hawa na'urar aljihu da kanta, sannan muka jona rautar da kwamfutar tebur a kan inbata, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar adana fayil tana iya lalata shi. Na kuma roƙe su su riƙa kwafe foldar lissafin a wani faifai na waje duk ranar Juma'a, su zare shi su ajiye a durowa.