Yadda Ake Cire Tsatsa Daga Tufafi da Kayan Gida da Lemon Tsami da Tsamiya

Da zarar damina ta kankama a Bauchi, musamman a watan Agusta, masu wanki da guga sukan yi ta fama da jan tabo a jikin fararen kaya. Yawanci daga wayar shanya yake fitowa, ko ƙusar da aka rataya riga, ko fil ɗin da aka manta a jikin ɗankwali, ko ruwan da ya ɗigo daga tsohon kwanon rufi. Tsatsa ba datti ba ce. Ƙarfe ne da ruwa da iska suka ci, ya manne a cikin zare, shi ya sa sabulu da omo ba sa taɓa ta. Tsami ne ke narkar da ita.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba bilic irin su Hypo ko Jik. Bilic ƙara kama tsatsa yake yi, tabon ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ya zauna daram. Dutsen guga ma haka: idan aka goge rigar kafin tabon ya fita, an gasa shi cikin yadin. Kanwa kuwa kishiyar tsami ce, ba ta da amfani a wannan mataki.

Ga farar shadda ko farin yadin auduga, a samo lemon tsami biyu masu ruwa, irin waɗanda ake kasawa a kasuwar Muda Lawal ko Wunti, da gishiri cokalin shayi ɗaya. A shimfiɗa tsohon farin ƙyalle a ƙarƙashin tabon don kada tsatsar da ta narke ta sauka kan bayan rigar. A matse lemon har wurin ya jiƙe sharkaf, a barbaɗa gishirin, a danna da yatsa. Kada a cuɗa, cuɗawa na baza tabon, kuma tana kashe ƙyallin shadda. A kai rana na minti 30 zuwa awa ɗaya. Ranar Bauchi na busar da ruwan lemon cikin 'yan mintoci, kuma busasshen lemo ba ya aiki, don haka a riƙa ɗiga wani duk lokacin da wurin ya fara bushewa. Za a ga jan yana komawa rawaya-rawaya, sannan ya dushe. A ɗauraye da ruwan sanyi sosai kafin a sa sabulu, domin tsamin da aka bari a zare yana rage masa ƙarfi. Tsohon tabo kan buƙaci zagaye biyu ko uku.

Idan hadari ya rufe rana, a tafasa ruwa a tukunya, a miƙe wurin tabon a bakinta bayan an sa lemon, tururin ya yi aikin da rana za ta yi. Minti 5 zuwa 10 ya isa.

Atamfa, leshi da shadda mai rini sai da hattara. A fara gwadawa a cikin kalmasa, a jira minti 10. Idan launi ya saki, a haƙura. Idan bai saki ba, a yi aikin a inuwa, kada ya wuce minti 15.

Tsamiya ba ta dace da tufafi ba, don ruwanta da kansa tabo ne. Amma a jikin ƙarfe ta fi lemo araha. A jiƙa tsamiya mai cika hannu ɗaya a kofi biyu na ruwan ɗumi na rabin awa, a dama, a tace. Wuƙa, almakashi, ludayin ƙarfe ko tandar masa ta ƙarfe da aka ajiye ta yi ja, a tsoma su ko a cika gurbinsu da ruwan, a bar su awa 3 zuwa 6. Farin ruwan khal, wato vinegar, shi ma yana yin wannan aiki, ana iya barin ƙarfe a ciki ya kwana, amma kada ya wuce yini guda, zai fara cin ƙarfen ya bar ramuka. A goge da soson ƙarfe da ɗan toka. A nan ne kanwa ke da rana: a ɗauraye da ruwan kanwa kaɗan don ya kashe ragowar tsamin, a sake ɗaurayewa, a ɗora a wuta ko a shanya har ya bushe ƙayau, sannan a shafe da man gyaɗa. Wanda ya tsallake man, gobe da safe zai tarar da sabuwar tsatsa, domin ƙarfen da aka kankare tsirara yake.

Zoben tsatsa da gindin tukunyar gas ko gwangwani ke bari a kan tayil yana fita da lemo da gishiri cikin minti 15, a goge da tsohon buroshin haƙori. Kada a bar tsamin ya daɗe a layin simintin da ke tsakanin tayil, kuma kada a kusanto da shi kan mabul ko tarazo, yana cinye sheƙinsu. Idan an riga an wanke banɗakin da bilic, a ɗauraye shi tas tukuna, domin haɗuwar bilic da khal ko lemo na fitar da iska mai guba da ke sarƙe numfashi.